Shekarar da Na Zama Injin Motar Iliya

Maganar da Alheri ta faɗa mini ranar Kirsimetin da ta wuce ce ta sa na ɗauki biro, duk da idanun nan nawa da ba sa ganin layi sai da tabarau. Kun tuna jar motar roba mai batir da kuka sayo wa jikana Dauda. Tun safe yaron yake zagaya tsakar gidanmu na Mahuta da ita, daga tankin ruwa zuwa get, daga get zuwa tanki, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Abin ya ishe ni, na ce a buɗe get yaron nan ya ga titi. Sai Alheri, babbar 'yata, ta kalle ni ta yi dariya.

"Haba Mama, ke da turin mota ya cinye wa makaranta, ke ce za ki ce a fitar da yaro titi? Da Kaka bai cire ki ya mai da ke ƙafar Kawu Iliya ba, ai da yanzu nas ce ke mai ritaya."

Sauranku duk kuka gyaɗa kai. Ashe haka kuka riƙe labarin shekara da shekaru, kuna ɗora wa mahaifina laifin da bai ji ba bai gani ba, shi kuma yana kwance a ƙasa ba zai iya kare kansa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, amma ban so in ɓata muku shinkafar Kirsimeti ba. To yanzu ku ji yadda aka yi, daga bakin wadda ta yi turin.

A Kakuri muka tashi, lokacin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana. Ba mu da agogo a gida, jiniyar kamfani ce agogonmu. Da ta busa sai titi ya cika maƙil da ma'aikata, masu keke da masu ƙafa, 'yan shiftin safe na fitowa, 'yan rana na shiga. Gidan haya muke, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, maƙwabtanmu na dama Tibi ne, na hagu mutanen Filato, Hausa ce ta haɗa mu duka. Baba makanikin injin saƙa ne. Mama kuwa tana suyar ƙosai da doya a saman gangaren da ya taso daga get ɗin kamfani ya sauka har kwalbatin da ke kusa da layin dogo. Wannan gangaren shi ne filin wasanmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya saya wa ɗansa abin wasa a unguwar ba. Ƙananan yara suna gara tsohuwar tayar keke da sanda. Waɗanda suka ɗan tasa suna yin motar kara ko ta gwangwanin madara, a yanka tsohon silifa a yi taya. Manya kuma su tsinto langa-langa, wato siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar auduga da shi, su lanƙwasa su yi tirela da dogon sitiyarin da ke kai wa mutum ƙirji. Amma sarkinsu duka ita ce motar boris. Boris zoben ƙarfe ne mai 'yan ƙwallaye a ciki, wanda ke juya inji. In ka sami huɗu ka kafa su a ƙarƙashin katako, to ka gama da duniya, don ƙararta kaɗai in ta hau kwalta sai ta fito da yaro daga ɗakin uwarsa da tuwo a hannu.

Ƙanena Iliya, wanda kuke kira Kawu, shi ne ya fi kowa iya ƙira a layinmu, kuma shi ne bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Shan inna ta kama shi yana ƙarami, ƙafafunsa suka shanye. Kullum yana zaune kan tabarma a bakin ƙofa da ƙusa da guntun dutse, yana ƙera motoci masu ƙofa da ke buɗewa. Yara su zo su karɓa su ruga da su, da yamma su dawo masa da su a karye ya gyara. Makaranta kuma tana can ƙasan gangaren, bayan layin dogo. In Baba yana shiftin da ya ba shi dama sai ya ɗora shi a keke, in ba haka ba ni ke goya shi. A shekarar da nake ba ku labari ina ajin ƙarshe na firamare, shi kuma ya yi nauyin da in na goya shi ƙafafunsa na jan ƙasa. Ya fara fashi, yau ya je gobe bai je ba, har hedimasta ya aiko cewa in za a ci gaba a haka zai ba wani yaro bencinsa. Yaron da ya fi kowa lissafi a ajinsu ke nan, ana shirin mayar da shi kan tabarma.

Wata rana Baba ya dawo yana murmushin da ba mu saba gani ba. Ya ajiye kwanon abincinsa a gaban Iliya ya ce ya buɗe. Boris huɗu ne a ciki, sun sha maiko, waɗanda aka cire daga inji aka zubar, ya roƙi shugabansa ya ba shi. Iliya ya ɗauki ɗaya ya kaɗa da yatsa, ya kara a kunne yana saurare kamar rediyo. Ranar Asabar suka farke akwatin sabulu, kafin rana ta yi tsaka mota ta tsaya a kan ƙafafunta: katako ne shimfiɗaɗɗe dab da ƙasa, da igiya a gaba ta juya shi. Na ɗora shi a kai, na kai shi saman gangare, yaran layi duk suna biye da mu. Na ce ya shirya? Haƙoransa kawai nake gani. Na tura na ruga, na ruga har ƙafata ta kasa bin motar, na sake ta. Wayyo, ku zo ku ji ƙara! Wuta na tartsatsi daga boris, yara na ihu, karnuka na haushi, shi kuma yana can gaba yana kurma wani irin ihu da ban taɓa sanin yana da shi a ƙirji ba. Tun da aka haife shi, ranar ce ta farko da ya riga kowa isa wani wuri.

Kwana kaɗan muka yi muna zuwa makaranta a haka, da safe gangare ya kai mu, da rana in turo shi zuwa sama. Sai ranar nan muna dawowa, jiniya ta busa, muka shiga cikin taron ma'aikata. Wani mutum da ba mu sani ba ya dubi yaro zaune a katako da shanyayyun ƙafafu, ya sa hannu a aljihu ya jefa masa kwabo a cinya, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya wuce abinsa. Ban ga laifin mutumin sosai ba. A garin nan, jiya da yau, irin wannan katakon mai boris a ƙasa shi guragu masu bara ke hawa a bakin kasuwa. Mu yara mota muke gani, shi kuwa abin da idonsa ya saba gani ya gani. Matsalar ita ce a gaban kaskon Mama abin ya faru. Ta bar ƙosai yana ƙonewa a mai, ta zo ta fizge Iliya ta saɓa a baya, ta tsince kwabon ta wurga cikin kwata. Da muka isa gida ta ɗaga motar da hannu biyu ta cilla ta kan kwanon ɗaki. Baba na shigowa ta tare shi.

"Ka ga abin da ka yi? Ka ɗora mini ɗa a katakon bara! Yau kwabo aka jefa masa a gabana, a gaban kastomomina."

"Ƙafa na ba shi, Maman Rifkatu," in ji Baba. "In bai je makaranta ba, ai baran ne ma ke jiransa in mun mutu."

"Gara ya zauna a ɗaki in ciyar da shi da hannuna. Ban haifi ɗan da za a riƙa jefa wa kuɗi kamar kaza da tsaba ba."

Kada ku ga laifin kakarku. Mace ce da ko gishiri ba ta iya ara a maƙwabta, kuma ta sha jin maganganu a kan yaron nan tun yana goye. Amma gidan ya zama kamar an yi mutuwa. Iliya ya daina ƙira, yara su kawo masa motocinsu ya ce su tafi. Sai ya ja jiki zuwa tsakar gida ya zauna yana kallon sama, inda motarsa ke kife a kan kwano ruwan sama na dukanta. Ni ma abin ya ci ni, don duk lokacin da na ji ƙarar boris ɗin wani a gangare sai in ji ƙafafuna suna ƙaiƙayi.

Shi da kansa ya samo mafita. Wata ranar Lahadi bayan sujada ya nemi langa-langa, ya yini yana lanƙwasa, da yamma ya ajiye wata 'yar mota a gaban Baba da Mama. Tana da kujera mai tudu a gaba, da sitiyari na gaske, da wata kujerar a baya, da sandar da mai turi zai riƙe.

"Mai bara ba shi da sitiyari, kuma ba ya ɗaukar fasinja," in ji shi. "Baba, irin wannan za ka yi mini babba."

Mama ta juya 'yar motar a hannu ta daɗe tana kallo. Ta ajiye ta ce ta yarda, amma da sharaɗi, kuma kowa ya buɗe kunne.

"Ranar da aka sake jefa masa ko anini, motar zan faskara in soya ƙosai da ita. Kuma daga ranar babu mai sake yi mini maganar mota a gidan nan."

Duk gidan haya ya shiga aikin. Maƙwabcinmu Batibi ya kawo tsohon wilin keken yara aka yi sitiyari, kafintan layi ya ba da guntayen katako, Baba ya ɗaure hon ɗin kekensa mai roba a gefe, aka yi birki da guntun taya a bakin sanda. Aka shafe ta da ragowar shuɗin fentin ƙofa. Iliya ya koma bencinsa, ni kuma na zama inji. In mun zo gangare sai in tura da ƙarfi in ɗale kujerar baya, iska na fizgar ɗankwalina, yana danna hon mutane na darewa. Amma a hanyar dawowa kullum idona na kan hannayen mutane. Duk wanda na ga ya kai hannu aljihu sai in watsa masa harara, ko da hankici yake nema. Mutanen layinmu duk sun san sharaɗin Mama, har su kan ja kunnen baƙi.

Wanda bai sani ba shi ne Baba Ayuba, dattijo a cocinmu kuma babba a sashen rini, don ya tafi hutu ƙauye lokacin da aka yi rigimar. Mutum ne mai kirki, mai ƙaton tumbi da malafa, wanda ba ya iya wuce yaro bai ba shi wani abu ba. Ranar albashi ce, titi ya cika, kowa aljihunsa da nauyi. Na turo mota mun kusa saman gangare, kaskon Mama na gabanmu kaɗan, sai ga shi ya fito daga get. Na gan shi ya tsaya, na ga fuskarsa ta yi tausayi, na ga hannunsa ya shiga aljihu. Kafin in buɗe baki, aikin gama ya gama. Kuɗi ya jefa, sule guda, ya faɗi a kan katakon ya yi ƙara ya gangara ya kwanta a gefen ƙafar Iliya. Na dubi Mama, na ga ta ajiye matsamin ƙosai ta miƙe tsaye, itace na ci bal-bal a ƙarƙashin kasko. Sai Iliya ya sunkuya ya ɗauki sulen, ya duba shi gaba da baya, ya sa a aljihun rigar makaranta. Ya danna hon sau biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, kun biya kuɗin mota. Sai ku hau. Rifkatu, mun yi fasinja, juya mota!"

Baba Ayuba ya yi dariya ya ce a'a ɗana, kyauta ce na ba ka.

"Ba ma karɓar kyauta a motar nan, Baba. Wanda ya biya sai ya hau. Layin dogo muka nufa."

Wani daga cikin ma'aikata ya fashe da dariya ya ce, "Oga, yu don pe, ka riga ka biya, sai ka shiga!" Nan take taron ya ɗauka, hau, hau, hau! Yaran da ke ƙarƙashinsa a sashen rini su suka fi kowa ɗaga murya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dattijon nan ya waiga hagu ya waiga dama, ya ga babu hanya, ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kujerar baya, katakon ya yi ƙara kamar zai yi magana. Na juya motar ta fuskanci ƙasa. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na sa kafaɗa na tura, wasu samari biyu suka taya ni, nauyinsa ya ja motar ta fizge daga hannunmu. Ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Malafa ta tashi sama. Baba Ayuba ya rungume Iliya ta baya yana kiran sunan Yesu, yana kiran sunan matarsa, yana ihu, direba birki, direba birki! Iliya kuwa ya kwanta a kan sitiyari, ya kauce wa mai keke, ya kauce wa akuya, hon na ta kuka. Ni da yara da rabin kamfani muna biye a guje, wasu na faɗuwa don dariya. Dab da kwalbati ya ja birki ya karkata cikin tulin yashin masu gini, motar ta nutsa hanci ta tsaya, fasinja ya mirgina gefe a hankali ya zauna a yashi.

"An iso," in ji Iliya.

Dattijon ya daɗe yana haki. Ya taɓa kansa ya ji babu malafa, sannan ya fara dariya, tumbinsa na rawa, har hawaye.

"Kai yaro, tun da nake ban taɓa sayen tsoro da kuɗina ba sai yau."

"Komawa sama sule biyu ne, Baba, don inji na shan wahala."

"Na gode, direba. Ƙafata ta ishe ni."

Duk wannan bai kwantar mini da hankali ba, don dole mu wuce ta gaban wutar Mama. Na turo motar a hankali. Tana tsaye inda muka bar ta, fuskarta a jiƙe, ban sani ba ko hayaƙi ne ko dariya ko kuka. Ta dubi motar, ta dubi wutar, ta dubi ɗanta da yashi a gira. Sai ta ƙunsa ƙosai ƙunshi biyu ta miƙo.

"Ga na direba, ga na inji. Gobe da safe ku ɗauko mini bokitin ƙullu, na gaji da ɗauka a ka. Amma ni ba zan biya ba."

Daga ranar babu wanda ya sake jefa masa komai a Kakuri, sai dai a ɗaga hannu a ce direba, akwai wuri?

Yanzu ga inda kuka karkatar da labarin. A ƙarshen shekarar na ci jarrabawa, aka ba ni wuri a makarantar kwana ta 'yan mata can wajen Jos. Baba ya fi kowa murna. Ya sayo akwatin ƙarfe, ya zauna da fenti ya rubuta sunana a jiki da hannunsa, yana nuna wa duk wanda ya shigo. Amma mota tana sauka gangare da kanta, hawa kuwa sai da inji. Mun gwada yaran layi. A sauka har faɗa suke yi kan wa zai tura, a hawa sai ka neme su ka rasa. Rannan na je na tarar da Iliya shi kaɗai a bakin layin dogo, rana na dukansa, yana jira. A nan na yanke shawara, babu wanda ya tambaye ni. Da na faɗa a gida, Baba ya buga hannu a kan akwatin.

"Ba ki isa ba! Zan nemi canjin shifti, zan nemi yaro. Sunanki na rubuta a nan, Rifkatu, ba sunan mota ba."

"Shekara ɗaya kawai, Baba."

"Makaranta ba ta jiran mutum. Za ki yi kuka da wannan maganar wata rana."

Iliya ma ya yi fushi, ya ce in tafi ba ya so. Na yi kunnen uwar shegu da su duka, kun dai san taurin kaina, ba a tsufa na same shi ba. Baba ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata. Shekara ɗaya ta zama sauran shekarun firamaren Iliya gaba ɗaya, kafin coci ta haɗa masa keken hannu ya tafi sakandare, har ya zama malamin lissafin da ya koyar da rabinku. Wurina kuwa an ba wata. Na koyi ɗinki, da shi na yi rayuwa. Baba ya yi gaskiya, na yi kukan. Har yau in na je asibiti na ga mace sa'ata cikin fararen kaya, sai in bi ta da kallo har ta ɓace. Amma kada ku mai da ni waliyiya. Ina son ƙanena, kuma ina son gudun nan kamar raina, ban san wanda ya fi nauyi a cikin biyun ba.

Shi ya sa ranar Kirsimeti na tashi na buɗe get da kaina. Kun gani da idonku, Dauda bai yi nisa ba batir ya mutu a gindin ɗan tudun nan, yaro ya taɓe baki zai yi kuka. Na ɗaure zani na sunkuya na kama bayan motar, kuna ta ihu Mama bayanki, Mama gwiwarki. Kawunku daga kan kekensa, da furfurarsa da komai, ya daka tsawa, "Direba, riƙe sitiyari, inji ya tashi!" Sati guda na yi ina shafa man zafi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Babu wanda ya ɗora hannuwan nan a bayan motar Iliya, ni na ɗora su. Akwatin yana nan ƙarƙashin gadona, fentin ya dushe amma ana karantawa. Duk wanda ya sake cewa Baba ne ya hana ni makaranta, ya zo ya jawo shi ya ga rubutun hannun wa ke jiki.